Alamar Goshi Amana Ce: Ladubban Yaɗa Ƙagaggun Labarai a Zaurukan Intanet, Daga Kano Zuwa Abu Hujar

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa zauren karatun littattafan Hausa a WhatsApp ko Telegram ya san yadda shafin farko yake farawa. Da farko sunan littafi, sai sunan marubuciya a tsakiyar taurari da furanni, sai tambarin ƙungiyarta, sai sadaukarwa ga ƙawaye da masu yin sharhi, sai lambar asusun banki, sannan a rufe da gargaɗi mai zafi ga wanda duk ya kuskura ya juya labarin ko ya fitar da shi waje bai biya ba. A cikin wannan dogon goshi, da wuya a samu layi guda da ya sanar da mai karatu abin da zai tarar a ciki. Ba a faɗa masa ko labarin ƙirƙira ne ko aro. Ba a faɗa masa ko akwai fyaɗe ko kisa a shafi na goma. Ba a faɗa masa ko an kammala rubutun, ko kuwa za a bar shi a rataye ranar da marubuciya ta yi fushi da ƙarancin sharhi.

Ladubban da suka kafu a waɗannan zauruka kusan dukkansu haƙƙin mai rubutu suke karewa. Mai karatu kuwa an ɗauke shi mai biya da yabo kawai. Wannan rashin adalci ne, kuma ya saɓa wa gadon adabin Hausa, na baka da na alƙalami. Mutumin da ya fi cutuwa da shi shi ne wanda ya fi kowa nisa da marubuci, irin Bahaushen Abu Hujar da ke gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, wanda rubutu kan isa gare shi bayan ya ratsa hannu da yawa.

Labarin Ɗori da Tsarin Alama

Labarin ɗori shi ne wanda mai sha'awar wani littafi ko fim ya ɗauki taurarinsa ko duniyarsa ya gina sabon labari a kai. Yana iya ci gaba daga inda mai asali ya tsaya, ko ya sauya ƙarshen da bai yi masa daɗi ba, ko ya aurar da waɗanda mai asali ya raba. A Amurka wannan al'ada ta bunƙasa a ƙananan mujallun masoya shirin Star Trek tun ƙarshen shekarun 1960, kafin intanet ta ba ta gida. An buɗe FanFiction.net a 1998, aka kafa Wattpad a ƙasar Kanada a 2006, sannan ƙungiyar Organization for Transformative Works, wadda aka kafa a 2007, ta buɗe wa jama'a rumbun Archive of Our Own a 2009.

Abin lura a wannan rumbu na ƙarshe shi ne ba a ɗora labari a cikinsa sai an cika goshinsa. Marubuci zai nuna aikin da ya ɗora a kai. Zai zaɓi mataki: na kowa da kowa, na matasa, na manya, ko wanda aka bayyana komai ƙarara. Sannan akwai manyan gargaɗi huɗu: zubar da jini da aka siffanta dalla-dalla, mutuwar babban tauraro, fyaɗe, da saduwar da ta shafi wanda bai kai shekara 18 ba. Marubucin da ba ya son tona asirin labarinsa yana da mafita, domin zai iya rubuta cewa ya zaɓi kada ya faɗa, kuma wannan kansa gargaɗi ne ga mai hankali. Masu aikin sa-kai ne ke daidaita dubban alamomin da marubuta ke ƙirƙirowa domin bincike ya yi sauƙi. A 2019 rumbun ya sami kyautar Hugo, wadda take cikin manyan kyaututtukan adabin kimiyya da almara.

Hausawa ma suna da labarin ɗori, ko da ba su kira shi da suna guda ba. Akwai mai juya fim ɗin Indiya ko shirin Koriya ko na Turkiyya ya koma labarin Kano. Akwai mai ɗaukar hotunan 'yan wasan Kannywood ya ce su ne siffar taurarinsa. Akwai mai ƙarasa littafin da wata ta fara ta watsar. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun daɗe da nuna yadda finafinan Indiya suka ratsa cikin labaran soyayyar Hausa. Aro ba abin kunya ba ne a adabi. Abin kunya shi ne a yi aro a share sawu.

Gadon da Aka Yar

Masu cewa sanya alama baƙuwar al'ada ce ta Turawa sun manta da darasin farko na adabin baka. Mai tatsuniya ba ta fara magana sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su amsa ta zo mu ji ta. In ta gama ta ce ƙurunƙus, wani lokaci har ta ƙara da ambaton Gizo da ƙaryar da ta shara. Wannan buɗewa da rufewa yarjejeniya ce: abin da ke tsakaninsu ba a kai shi gaban alƙali, ba a kuma yi rantsuwa a kansa. Bahaushe ya bambanta tatsuniya da almara, ya bambanta hikaya da ƙissa, ya ware tarihi daban. Wanda ya kawo tatsuniya ya ce ƙissa ce, malamai ba su ƙyale shi.

Bayan kalma, akwai alamar wuri da lokaci. Tatsuniya da dare ake yin ta. Waƙoƙin da mata ke yi a ɗakin amarya suna da masu jinsu. Zantukan 'yan gambara suna da dandalinsu, kuma dattijo ya san inda zai kauce. Katanga da zaure da labule su ne suka riƙa yin aikin da a yau ake neman layi guda na rubutu ya yi. Wayar hannu ta rushe katangar. Saƙon da aka rubuta don manyan mata, da latsawa guda yake faɗawa zauren 'yan makaranta.

Malaman ƙarni na 19 sun fi kowa tsanani a wannan fage. Tahmisi shi ne mafi kusa da labarin ɗori a rubutacciyar waƙa: mawaƙi ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa ɗango uku ya zama biyar. Amma ba a ɓoye mai asali. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce da kowane ɗalibin Hausa ya sani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi asalinta da Fulatanci, 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka yi aikin mayar da ita Hausa da tahmisinta, kuma har yau ana ambaton sunayen nan uku tare da ita. Mawaƙan wancan zamani sukan saka shekarar waƙa cikin ramzi, su faɗi yawan baitoci, mai kwafa ya rubuta sunansa a ƙarshe. Duk wannan ya yi daidai da tsarin ilimin hadisi, inda ba a karɓar magana sai da isnadi, kuma a yi mata hukuncin ingantacciya ce, ko rarrauna, ko ƙirƙirarriya.

Zuwan boko ne ya fara sassauta wannan ɗabi'a. Bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, inda ya Hausantar da labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da wasu wurare. Gwanintar ta kai har masu karatu da yawa suka ɗauka duk a ƙasar Hausa aka haifi labaran, sai da manazarta na baya, irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi, suka zauna suna bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, bugaggen littafi yana da bango, da sunan maɗaba'a, da mai shago a Sabon Gari ko Kurmi wanda zai iya ce wa yarinya wannan ba naki ba ne. Littafin onlayin ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ke Goshin Littattafan Onlayin

Ba za a ce babu alama gaba ɗaya ba. Akwai marubutan da ke rubuta cewa labarinsu ƙirƙira ne, in ya yi kama da rayuwar wani to arashi ne. Akwai ƙungiyoyi, irin su Haske da Kainuwa da Fikra, waɗanda membobinsu ke ɗora tambarinsu a kan kowane shafi. Wannan ya nuna marubutan onlayin sun iya bin tsari idan sun ga amfaninsa. Matsalar tana cikin irin abin da aka zaɓa a sanar da wanda aka zaɓa a rufe.

Alamar da ta fi yawo ita ce wadda ke cewa littafin na matan aure ne kawai. A zahiri gargaɗi ce, a aikace kuwa talla ce. Ba ta faɗi abin da ke ciki ba. Matar auren da aka taɓa yi wa fyaɗe tana yarinya, wannan alama ba ta kare ta daga komai ba, hasali ma gayyatar ta ta yi. Budurwar da aka ce kada ta karanta, an nuna mata ƙofa ne aka bar ta a buɗe. Aure ba ma'aunin abin da zuciya za ta iya ɗauka ba ne, kuma alamar da ta haɗa hirar miji da mata da azabtar da yarinya a buhu ɗaya ba ta yi aikin alama ba.

Ta biyu ita ce da'awar cewa labarin gaskiya ne ya faru. Wasu na liƙa ta ne don jawo kasuwa, domin an san mai karatu ya fi kuka a kan abin da ya yi zaton ya auku. Wannan ƙarya ce da aka yi wa mutum a wurin da ya fi amincewa da kai. Idan labarin ya ambaci gari da ƙabila da sana'a, ya ɗora mugun hali a kan wasu mutane, to an bar fagen adabi an shiga na ƙazafi.

Ta uku ita ce shirun da ake yi game da kuɗi. A fara littafi kyauta, a kai mai karatu tsakiyar kogi, sannan a ce daga nan sai an biya. Marubuci yana da cikakken haƙƙin cin guminsa, kuma masu satar littafin kuɗi su watsa shi a zauruka ɓarayi ne, babu wani suna da ya dace da su. Amma ɗan kasuwa mai mutunci tun a bakin rumfa yake faɗin farashi. Haka nan tallan kayan mata da na atamfa da ake cusawa a tsakiyar babi ba tare da wata shaida ba, har mai karatu ya rasa inda labari ya tsaya talla ta fara.

Ta huɗu ita ce ɓoye asali. Abin mamaki ne a ga wadda ta kwashe shirin Koriya tun daga farko har ƙarshe, ta sauya sunaye kawai, sannan ta rubuta a goshi cewa ba ta yafe wa duk wanda ya taɓa mata labari ba. Wanda ke neman a kiyaye haƙƙinsa, da kiyaye na wani ya kamata ya fara.

Mai Karatu na Nesa

Abu Hujar gari ne a jihar Sinnar, kudu da Sinja, a kan hanyar zuwa Damazin. Yana cikin jerin garuruwa da ƙauyukan gaɓar Shuɗin Nilu da yankin Jazira inda Hausawa da Fulani suka zauna tun fiye da ƙarni guda. Wasu mahajjata ne da suka taka da ƙafa zuwa Makka, guzuri ya ƙare ko zama ya yi daɗi, suka tsaya. Wasu sun zo ne da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, ƙarin jama'a suka sami aikin noma suka kafu.

Jikokin waɗannan mutane Hausa tana bakinsu, amma makaranta da Larabci ta koyar da su. Saboda haka hanyar da ta fi sauƙi littafin Kano ya isa gare su ita ce ta murya, wato littattafan da ake karantawa a ɗora a YouTube ko a tura a waya. A wannan tafiya rubutu yana zubar da kusan duk abin da ke kewaye da shi. A Kano sunan marubuciya kansa alama ne, masu karatu sun san wadda ake karanta littafinta a gaban uwa da wadda ake ɓoyewa. A Abu Hujar sunan ba ya faɗin komai. Ba ƙawar da za a tambaya, ba shugaban zauren da ya san tarihin littafin. Ga shi kuma murya ba ta da sirrin ido: a tsakar gida take tashi, mai daka da mai goyo da yaron da ke wasa duk suna ji. Abin da kawai zai iya raka labari har can shi ne abin da aka ɗinka a jikinsa.

Sannan dole a dubi halin da wannan mai sauraro yake ciki. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a yankin Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun wurin a kan batun sarauta da ƙasa, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, kuma kalaman ƙiyayya da aka yaɗa a kafafen sada zumunta suna cikin abubuwan da suka rura wutar. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamban wannan shekara, yaƙin ya gangaro jihar Sinnar a tsakiyar 2024 har aka ci Sinja, kafin sojoji su ƙwato ta a Nuwamba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun tattara bayanai masu yawa a kan fyaɗen da aka yi wa mata a wannan yaƙi.

Ga marubuciyar da ke zaune lafiya a ɗakinta, fyaɗe dabara ce ta haɗa jarumi da jaruma, har wasu littattafai kan ƙare da wadda aka zalunta ta mutu a kan son azzaluminta. Ga macen da ta gudo daga ƙauyen da aka ƙona, wannan shafi ba dabara ba ne. Ta sayi data da kuɗin da ta tsimi, ta kunna labari don zuciyarta ta huta, sai aka mayar da ita daren da take ƙoƙarin mantawa. Babu wanda ya ce kada a rubuta fyaɗe ko yaƙi, domin adabin da ke tsoron zafi ba shi da amfani, kuma Balaraba Ramat Yakubu ta nuna tun a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne cewa ana iya fuskantar zaluncin gida ido da ido. Abin da ake nema shi ne a faɗa tun a ƙofa, mai shiga ya shiga da saninsa. Haka kuma a ƙasar da jita-jita ta taɓa jawo ƙona unguwa, ƙagaggen labarin da ya iso da tambarin gaskiya ne, yana zargin wata ƙabila, ashana ce aka jefa a rumbu. Abin da ya shafi Abu Hujar ya shafi sansanonin gudun hijira na Zamfara da Borno da Maraɗi.

Hujjojin Masu Ja

Hujja ta farko ita ce gargaɗi yana ɓata daɗin labari. Amsarta tana cikin tsarin da aka ambata a sama: wanda ba ya son tona asiri ya rubuta cewa akwai abubuwa masu nauyi da ya zaɓi kada ya lissafa. Ban da haka, labarin da daɗinsa duka ya rataya a kan firgita mai karatu da abin da bai zata ba, rauninsa ya nuna. Kowa ya san ƙarshen ƙissar Annabi Yusufu, kuma ba a daina sauraron ta ba.

Hujja ta biyu ita ce alama tana jawo yara zuwa ga abin da aka hana su. Wannan gaskiya ne game da alamar da aka rubuta da kwarkwasa, aka kewaye ta da hoton wuta da na leɓe. Alamar da aka rubuta a bushe, cewa akwai cin zarafin yarinya a ciki, ba ta da wannan armashi. Kuma ko yaro ya ƙi jin gargaɗi, uwa da malami da shugaban zaure sun sami abin da za su yi hukunci da shi. A yanzu sai sun karanta shafi ɗari kafin su san abin da ke wayar 'yarsu.

Hujja ta uku ta fito ne daga ɓangaren da ke ganin alama sassauci ce, abin da ya dace shi ne a hana irin waɗannan littattafai baki ɗaya. An gwada wannan hanya. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba a daɗe ba rubutun ya bar takarda ya koma waya, inda babu abin da za a cinna wa wuta. Hukumar jiha ɗaya ba ta da iko a kan marubuciyar da ke Yamai, da mai karanta mata da murya a Kaduna, da mai sauraro a Sinnar. Sanya alama ba halatta batsa ba ne, kamar yadda rubuta guba a jikin kwalba ba gayyatar sha ba ne. Mai son yaƙar batsa ma ya fi kowa buƙatar a rarrabe, domin a daina yi wa dukkan marubuta mata kuɗin goro kamar yadda aka yi musu a muhawarar adabin kasuwar Kano ta shekarun 1990.

Hujja ta huɗu ita ce babu mai tilastawa. Amma wa ya tilasta tambarin ƙungiya da lambar asusu da gargaɗin sata? Al'ada ce ta kafa su, har sabuwar marubuciya take kwaikwaya ba tare da an ce mata ba. Marubutan nan dai su ne ke bin ƙa'idar yawan kalmomi da sauran sharuɗɗan gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ba tare da gardama ba. Wanda ya iya bin doka don neman kyauta, zai iya bin ta don mutunta mai karatunsa.

Layi Shida da Suka Wajaba

Abin da ake buƙata bai wuce layi shida ba, kuma ya fi guntu a kan sadaukarwar da ake yi wa ƙawaye.

1. Nau'i: ƙirƙira ne, ko ɗori, ko fassara, ko abin da ya faru. Wanda ya ce ya faru, ya zama yana da hujja da izinin masu labarin.
2. Asali: idan ɗori ne ko fassara, a faɗi sunan fim ko littafin da sunan mai shi.
3. Mataki: na kowa, na matasa, ko na manya.
4. Gargaɗi: fyaɗe, cin zarafin yaro, kisa ko azabtarwa, kashe kai, bayyana saduwa ƙarara. Ko kuma a ce an zaɓi kada a lissafa.
5. Matsayi: an kammala ko ana kan rubutawa, wannan shafi na nawa ne, shafuka nawa ne na kyauta, nawa ne kuɗin sauran.
6. Suna da shekara.

A maimaita su a taƙaice a kan kowane shafi, domin shafi ɗaya-ɗaya rubutu yake yawo, kuma sau da yawa na goma sha biyu ne ke riga na farko isa wata waya.

Nauyin bai tsaya a kan marubuci ba. Mai turawa kada ya yanke goshi, haka mai haɗa shafuka ya mayar da su kundi guda. Mai karantawa da murya ya nemi izini, ya karanta alamomin kafin ya shiga labari, ya maimaita su a farkon kowane kashi, domin shi ne gadar da ta haɗa boko da wanda bai iya boko ba. Shugaban zaure ya mayar da duk shafin da ya zo babu alama. Talla a ware ta, a kira ta talla. Hoton ɗan wasa ko 'yar wasa mai rai, mai iyali, kada a liƙa shi a kan labarin batsa. Mai sharhi ma yana da nasa ladabin: ya sanar kafin ya tona ƙarshen labari, ko na littafi ne ko na shiri irin Labarina, ya soki rubutu ya bar iyayen mai rubutu, kuma ya tuna cewa marubuciyar da ke ba shi kyauta ba baiwarsa ba ce.

Kammalawa

Ƙungiyoyin marubutan onlayin su ne suka fi cancanta su fara, domin tambarinsu ya kamata ya zama shaidar cewa littafi ya cika ƙa'ida. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da sassan koyar da Hausa a Jami'ar Bayero da ta Usmanu Danfodiyo da ta Ahmadu Bello suna iya taimakawa wajen daidaita kalmomin, domin alamar da aka rubuta a Katsina a fahimce ta a Damagaram da Kumasi da Mai Wurno. Da Hausa ya kamata a rubuta su, Hausar da tsohuwa za ta gane idan ta ji a lasifika.

Hausa ta yi nisan da marubucinta ba zai taɓa ganin fuskar yawancin masu karanta shi ba. Wannan ni'ima ce, kuma nauyi ne. Malaman da suka rubuta sunansu da shekara a ƙarshen waƙa sun yi haka ne don sun san takarda za ta je inda ƙafarsu ba za ta taka ba, kuma wasu daga cikin takardun nan a jakar masu hijira suka isa gaɓar Nilu. Marubucin yau da ya tura labari babu alama ya ci gajiyar wannan nisa, ya ƙi ɗaukar nauyinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an faɗa kunne yake ji.